Sharuɗɗan IT ga ɗalibin aikin jarida mai niyyar Fatakwal

A mafi yawan jami'o'in Najeriya, ɗalibin aikin jarida ba ya karɓar digiri sai ya je ya ga aiki da idonsa, tunda gani ya kori ji. A takarda sunan tsarin SIWES, a bakin ɗalibai kuwa IT. Hukumar ITF mai hedikwata a Jos ce ta ƙirƙiro shi a 1973, bayan masu masana'antu sun koka cewa 'yan makaranta na fitowa da shaida amma ba su san inda ake kunna inji ba. Daga baya aka lura ɗan jarida ma yana buƙatar wannan ilimi, musamman ta fuskar janareta, sai aka sa shi a layi. Wata 3 zuwa 6 ake yi, gwargwadon makaranta.

Sharaɗi na farko ba ya cikin littafin jagora, shi ne kawu. Jami'a wasiƙa take bayarwa, ba ta ba da ɗaki. Saboda haka ɗalibi mai hankali ba ya tambayar ina gidan jarida mafi inganci yake, tambayarsa ita ce ina yake da ɗan'uwa mai tabarma biyu. Ta haka ne yaro ke tasowa daga Kano ko Zariya, ya kwana a mota, ya sauka Trans-Amadi a Fatakwal wajen kawunsa mai harkar nama ko kayan gwari a gefen shataletalen Slaughter. Wanda kawunsa ke Anacha ko Inugu, to can ilimi ya kira shi.

Trans-Amadi unguwar masana'antu ce, akwai kamfanonin hidimar mai, da na lemon kwalba, da gidan zu. Manyan gidajen labarai na gwamnati suna wasu unguwannin: jaridar The Tide, wadda ake bugawa tun 1971, tana titin Ikwerre, talabijin na jihar Ribas yana Elelenwo, NTA tana Mgbuoba. Kada batun kuɗin mota ya tayar wa kowa da hankali, domin an tanadi alawus na naira 2,500 a wata, wato naira 83 a rana da 'yan kwabbai a kai. Adadi ne mai dattako. An cire tallafin fetur a 2023 bai razana ba, mafi ƙarancin albashi ya koma 70,000 a 2024 shi yana nan inda aka bar shi. Yakan kuma iso bayan an gama IT ɗin da daɗewa, don yaro ya koyi tanadi.

Idan aka dace da wasiƙar karɓa, bayan mai gadi ya ce a dawo Litinin gwargwadon yawan Litinin ɗin da Allah ya ƙaddara, sai a shiga ɗakin labarai. Nan take za a sauƙaƙa wa ɗalibi sunansa ya koma Aboki, a kuma naɗa shi masanin harkokin Arewa, daga farashin ragon layya har siyasar Nijar. Edita zai ce: "Aboki, je ka tambayo mutanenku abin da ya sa albasa ta yi tsada." Ɗalibi zai jira dare, a gaban kwanon tuwo, ya ce: "Kawu, wai me ya tayar da albasa?" Kawu zai lashe hannu ya ce: "Ɗana, rubuta. Kuɗin mota ne, da masu tare hanya da sanda tun daga Sakkwato har nan. Amma kul ka sa sunana." Washegari jama'a za su ji cewa wata majiya mai tushe, da ta nemi a sakaya sunanta, ta tabbatar da lamarin. A aji, wannan darasi zangon karatu guda yake ci.

A 2020 hukumar jami'o'i ta NUC ta raba kwas ɗin Mass Communication gida bakwai: jarida daban, hulɗa da jama'a daban, talla daban, fim daban, da sauransu. A wajen IT dai duk bakwai ɗin wurin mai abinci ɗaya ake aiken su.

Sai logbuk, wanda shi ne ainihin abin da aka zo yi. Kowace rana tana da layinta, kuma layi ba ya kwana babu rubutu. Litinin a rubuta "Na lura da yadda ake karanta labarai." Talata, "Na ci gaba da lura." Ranar da aka aiki mutum sayo wa edita shinkafa, sunanta ziyarar gani da ido. Ranar da ruwan Fatakwal ya tsare shi a rumfar mai shayi tun hantsi har la'asar, sunanta jin ra'ayin jama'a, kuma a gaskiya ita ce ranar da ya fi jin labarai. Akwai filin zane a littafin, domin da injiniyoyi aka tsara shi. Ɗalibin jarida ya zana makirfo. Mako na gaba ya zana shi ta ɗaya gefen.

Game da sutura, a bar farar shadda a gida. Tun 2016 baƙar toka ke sauka a garin daga sama, kuma ba ta tambayar katin shaida.

Ƙa'idojin aikin jarida da aka amince da su a Ilorin a 1998 sun hana karɓar na goro. Manyan 'yan jarida suna ɗaukar wannan da muhimmanci idan ya zo kan ɗalibi. A taron manema labarai zai sa hannu a takardar mahalarta, ambulan ɗinsa kuma babban yayansa a aiki ya karɓa ya riƙe, don kada tarbiyyar yaro ta lalace tun yana ƙarami.

Malamin da makaranta ta turo dubawa zai zo sau ɗaya, wani lokaci ya bugo waya daga tashar mota ya ce a kawo masa logbuk can, motarsa ta kusa cika. A ƙarshe ana buƙatar sa hannu da hatimi a logbuk da wata takarda da ake kira Fom 8. Don haka tun ranar farko a gano wadda ke riƙe da makullin durowar hatimi, a riƙa gaishe ta da "Madam" har da ɗan rusunawa, a kuma san ranar da za ta tafi hutu. Wanda aka buga masa labari kullum amma logbuk ɗinsa ya jiƙe a ruwa bai yi IT ba. Wanda ya yi wata 6 yana lura, hatiminsa ya fito raɗau, ya yi.

Masu yawan tambaya kan kawo misalin Abubakar Imam, da ya bar koyarwa a Katsina ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, ya koyi aikin yana cikin yinsa. An duba, babu logbuk, babu Fom 8. Da a yau ne, sai ya dawo ya cike kafin a fitar masa da sakamako.