Buɗaɗɗiyar Takarda Zuwa Ga Kujerar Roba Ta Gefen Sahu

Takarda ta fito daga hannun wani bawan Allah, Bakatsine, mai sana'ar goro, mazaunin Aboabo cikin Zongon Kumasi, zuwa ga mai alfarma Kujerar Roba, fara mai ƙafa huɗu, ma'abuciyar gefen sahu, uwar ɗakin masu ciwon gwiwa. Gaisuwa mai yawa, da tambayar lafiyarki da ta 'yan'uwanki da ake jibgewa ɗaya bisa ɗaya a bayan masallaci. Amma yarda da aminci, waɗanda aka saba haɗawa da gaisuwa a kan takarda irin wannan, na riƙe su tukuna sai mun ga abin da hali ya yi.

Bayan haka, ranki ya daɗe, dalilin wannan takarda shi ne abin da ya auku yau da asuba, wanda ke ma shaida ce, bal ma ke ce kanwa uwar gami. Jiya masu wuta suka ɗauke abarsu tun bayan isha'i, fanka ta tsaya, sauro ya yi walima, na kwana ina juyi bisa tabarma a baranda. Saboda haka da na taso daga sujada a raka'atanil fajri, gwiwata ta dama ta yi wata 'yar ƙara, wadda a wurina ba ta kai a ambata ba, balle a gina hukunci a kanta. Ashe akwai mai saurare. Ladan na tayar da iƙama, ina gyara tsayuwata a sahun farko, sai ga wani yaro, wanda na ci naman sunansa, kuma ni na biya wanzamin da ya yi masa aski, ya ratso mutane yana ɗauke da ke bisa kai, ya dire ki a bayana, ya russuna ya ce, "Baba, ga kujera."

Da ya faɗa da izgili, da na san abin da zan yi da kunnensa bayan sallama. Da ladabi ya faɗa, cikin tausayi, kuma duk sahun babu wanda ya yi dariya, alhali dariyar ce kaɗai za ta cece ni, in ce wasan yara ne. Shiru aka yi, shirun ijma'i, har na kusa da ni ya matsa don ki sami wuri. Na yi sallata a tsaye, Allah ne shaida, kina bayana kina zungurin ƙwaurina duk sa'ad da na sunkuya.

To, bari mu fara da shari'a, tun da a ɗakin Allah kika tarar da ni. Duk wanda ya durƙusa a zaure gaban malami har ya sauke Ahalari ya san malamanmu na Malikiyya sun jera wa mai sallar farilla halaye bakwai, tun daga tsayuwa ba da jingina ba, da tsayuwa da jingina, da zama ba da jingina ba, da zama da jingina, har zuwa kwanciya iri uku ta wanda ciwo ya ci ƙarfinsa. Kuma sun ce bin jerin huɗun farko wajibi ne, wanda duk ya sami ikon na sama ya gangaro na ƙasa, sallarsa ta ɓaci. Ni kuwa, alhamdu lillahi, ina kan hali na farko, ko bango ban taɓa nema ba. Ke kuma kina da majingina a baya har da ta hannu, watau mazauninki hali na huɗu. Ashe ke nan a asuba ɗaya, ba fatawar malami, ba shaidar likita, an so a gangaro da ni daraja uku, ya rage saura kwanciya. Ban musa ba, rangwame rahama ne ga mai uzuri, kuma na san bayin Allah waɗanda ba don ke ba da sun bar jam'i. Amma tsofaffin da muka tarar, in tsayuwa ta gagare su, ƙasa suke zama su harɗe bisa buzu, goshinsu na sauka tare da na kowa. A gidan biki muka san ki, da ƙarƙashin rumfunan makoki na ranar Asabar inda maƙwabtanmu ke zama cikin baƙi da ja. Yaushe kika yi alwala kika shigo?

Da a Katsina aka yi mini haka, la'alla da na shanye. Amma kin manta ƙasar da muke ciki, ƙasar da kujera ba abar wasa ba ce, inda Asante ba sa naɗa sarki da rawani sai dai su ɗora shi bisa kujera. Mutanen Asante suna da Kujerar Zinariya, wadda suka ce Okomfo Anokye ya saukar wa Osei Tutu daga sama, kuma saboda girmanta a wurinsu ko Asantehene ba ya zama a kanta, ita ce ma ake yi wa nata mazauni. A 1900 Gwamna Hodgson ya zo Kumasi, bayan Turawa sun riga sun kama Sarki Prempeh sun fitar da shi daga ƙasarsa tun 1896, ya tara manyan gari ya tambaye su dalilin da ba a kawo masa ita ya zauna ba. Amsar da ya samu kuwa ita ce Yaa Asantewaa, uwar sarautar Ejisu, wadda ta tara mayaƙa suka tsare shi cikin barikin soja na tsakiyar gari har wajen wata biyu, aka zubar da jini mai yawa, ita kuma ta ƙare kwanakinta a tsibirin Seshel a 1921. Wancan ya nemi kujera aka hana shi, aka yi yaƙi. Ni ban nema ba aka ba ni, kuma ba ni da rundunar da zan tara sai alƙalami. Sa'an nan su Asante, kafin su ɗora mutum, sai uwar sarauta ta zaɓa manya sun yarda, kuma in ya ɓata musu suna da hanyar sauke shi, su cire masa takalmi ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Ke fa? Tun da kika shigo masallacinmu ban ga mutum ɗaya da ya hau ki ya sauko ya koma sahu ba. Daga ke sai makara.

Na yi bincike, kuma zargina ya fi ƙarfi a cikin gidana, gama uwargida ta daɗe tana faɗa wa maƙwabta wai ina nishi in zan tashi daga tabarma, uwar yaron da ya kawo ki kuwa a wurinta take sayen wake da shinkafa kowace safiya. Amma bar wannan, mu je ga abin da ke tafe a bayanki, don na lura da waɗanda kika kama kafina. Wanda duk kika zaunar, shi ne waliyyin kowace yarinya da ubanta ke Amurka ko Italiya. Shi ne mai raba faɗan miji da mata da tsakar dare. Shi ake fara miƙa wa littafin gudummawa in an yi rasuwa, a tsaya a kansa ana duban abin da zai rubuta. In ɗan unguwa ya kwana a hannun 'yan sanda shi ne mai beli, in kuma baƙo ya sauka daga Maraɗi ko Sakkwato ba shi da masauki, sai a ce a kai shi gidan Baba. Girma ne, in ji su. Girman da ba albashi, ba fansho, ba hutu, alhali ma'aikacin gwamnati a ƙasar nan sai ya cika sittin ake sallamarsa, kuma da ɗan abin sawa a baki. Ni ko hamsin ban rufe ba.

Kada ki ce nauyi nake gudu. Abin da ya tayar mini da hankali, da na waiga na gan ki, shi ne na duba sahun nan dama da hagu ina neman wanda ya fi cancanta in tura masa ke, sai na tarar waɗanda zan tura wa sun ƙare. Kawuna da ya ɗauko ni daga Katsina ina saurayi, ya koya mini raba marsa da daushe da shimfiɗa ganye a huhu, yana maƙabartar Tafo. Abokan cinikinsa da ke zama bakin shago suna ƙirga goro ƙwarya-ƙwarya, suna ba mu labarin 1969, sa'ad da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa, su ma suna can kusa da shi. Kowannensu ya zo da niyyar ya tara jari ya koma. Haka fataken da suka riga su, masu koro jakuna daga Kano da kanwa da tufafi su yi watanni a hanyar Gwanja, har yaƙin Salaga na 1892 ya watsa kasuwarsu, waɗansu suka nufi Kete-Krachi, cikinsu har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda a can ya rasu a 1934, waɗansu suka gangaro nan bayan gari ya faɗa hannun Turawa. Ba wanda ya sanar da su ranar da baƙunta ta ƙare zama ya fara. Mu an sami ci gaba, kujera ake aiko mana.

Tun da kin shigo cikin al'amarina ba sallama, bari in ba ki labarin gida, ki san wanda kike shirin ɗauka. 'Yata ta fari tana shekarar ƙarshe a Jami'ar Kwame Nkrumah, tana karatun haɗa magunguna, kuma da fatawarta aka janye gishiri daga miyata. Mai bi mata ya gama sakandare, wadda gwamnati ta ɗauke wa iyaye kuɗinta tun 2017, yanzu ba shi da zance sai na Agadas da Libiya da teku. Ina hana shi da hujjojin da mahaifina ya hana ni da su, yana mayar mini da amsar da na bayar. Auta kuwa Hausarta ta Zongo ce tsantsa, wadda ba ruwanta da mace ko namiji, har ran nan ta ce wa mahaifiyata a waya, "Mama ya tafi kasuwa," tsohuwa ta wuni tana aiko mini da saƙon murya a WhatsApp tana tambaya ko haka za a bar mata jikoki. Gidan da nake ginawa a Katsina don in tsufa a cikinsa ya tsaya a linta tun kafin Nijeriya ta rufe iyakokinta a 2019. In naira ta faɗi na ce na samu, sai siminti ya tashi ya cinye ribar, in kuma siminti ya ɗan numfasa, sai sidi ya kwanta, irin na ƙarshen 2022 da hauhawar farashi a nan ta haura kashi 50 cikin ɗari. Hanyar arewa ta Paga da Wagadugu da Yamai, wadda muke bi mu shiga ta Jibiya, ta zama sai da addu'a da wasiyya. Na tara iyali na ce wa zai bi ni in gini ya ƙare. Uwargida, wadda kakanta ne ya zo daga Kano, ita kuwa ko Kwara ba ta taɓa ƙetarewa ba, ta ce Allah ya kai mu, yaran suka dubi wayoyinsu.

Ke! Wai ma wa ya ce da ke na gaji? Gwiwar nan da kike yi wa rajista ta sauke huhunan goro daga manyan motoci, ta hau matakalar filin Baba Yara da gudu ranar da Kotoko ke karawa da Hearts of Oak, tun ba a narka robar da aka zuba ki ba. Babban Limamin ƙasa, Shaihu Usmanu Nuhu Sharubutu, haifaffen 1919, ya ba ɗari baya. In ana rabon tsufa a Gana ni a layin yara nake. Tabarau ya zo na karɓa, don lambobin momo a waya sun ƙanƙance. Furfura ta zo na bar ta. Yaron mota a Kejetia ya daina cewa in matsa, ya koma cewa a matsa mini, na yi shiru. An raba ni da tsiren dare, ban kai ƙara ba. Amma ke, a sahun farko, gaban masu bina bashi da waɗanda nake bi, gaban yaron da ke kewaya ƙofar gidana saboda 'yata? Rana kaɗan ta buge ki ki tsage, ƙato ya zauna ƙafarki ta baje, sai an haɗa ku biyu kafin ku ɗauki Alhaji guda, ke ce za ki auna ƙarfin wani?

Saura magana ɗaya, ita ma ba don raina ya so ba. Magabatan yaron nan mai neman 'yata sun aiko daga Asawase cewa ranar Lahadi ta sama za su kawo gaisuwa, uwargida kuwa ta riga ta gayyato danginta kaf tun daga Sabon Zongo har Tafo. Na aika wurin mai haya ya ce kuɗinku ya ƙaru, rumfa daban, mota daban, wadda ta karye kuma in biya sabuwa. Ki gaya wa 'yan'uwanki ina son guda 100, masu ƙafa huɗu cikakku, a wanke su, a kuma yi mini ragi, tun da an ce ni dattijo ne.