Ɗan Aiken da Ya Tsaya a Tasha

Kawuna ya daɗe yana fataucin hatsi a Bungudu. Wata kaka ciwon ƙafa ya kwantar da shi, sai ya kira ɗan wata ƙanwarsa, saurayi mai ɗan karatun boko, ya ba shi kuɗin mota da littafi da biro. Ya ce, "Ɗana, ka tafi ƙauyukan bayan Tsafe, gari bakwai. Ka leƙa rumbu da idonka, ka tsoma hannu cikin wake ka ga ko ƙwaro ya shiga, ka ji nawa suke sakin buhu. Abin da ka gani shi za ka rubuta mini."

Yaro ya ce, "An gama, Kawu."

Da ya isa Gusau ya ga rana ta take, ga hanya da nisa, ga mai shayi ya shimfiɗa benci a inuwa. Ya zauna. Ya tambayi direba ɗaya da 'yan kamasho biyu yadda wake ya yi a can, kowa ya faɗi abin da ya zo bakinsa. Ya buɗe littafi ya raba wa garuruwan nan bakwai lissafi, wannan buhu arba'in, wancan sittin, har da ɗan bambancin farashi don kada abin ya yi kama da juna. Ya kwana biyu wurin abokinsa a Tudun Wada, ya koma gida.

Rubutun ya yi kyau ƙwarai, babu goge ko ɗaya. Kawu ya amince, ya ɗauki hayar babbar mota, ya ranto kuɗi ya ƙara a kan nasa. Da aka isa, gari biyu daga ciki ruwa ya cinye musu gonaki tun cikin marka, ko na tuwo ba su da shi. Inda aka sami waken kuma ƙwaro ya riga kowa. Mota ta dawo kusan wayam, bashin ya kai shekara biyu a wuyansa.

Bai ɗaga wa yaron hannu ba. Ya zaunar da shi a zaure bayan isha'i ya ce, "Da ka dawo ka ce mini 'Kawu, ban je ba,' da kuɗin mota kaɗai na yi asara. Da ka ce gari biyu ka iya kaiwa, da na yi ciniki daidai da gari biyu. Ka ba ni lamba, ni kuma na ɗora dukiyar mutane a kanta."

Abin da ya tuno mini da wannan zama shi ne wasu matasa uku da na gani kwanan baya a gindin darbejiya cikin Gusau, da tulin takardun tambayoyi a cinya, suna musayar biro shuɗi da baƙi, ɗaya yana cewa a riƙa sauya hannu. A saman takardun an rubuta sunan wani ƙauye da ke ƙasar Tsafe. Na wuce ban tanka ba, amma zuciyata ba ta wuce ba.

Mu a Zamfara mun ga abin da zuwa da ƙafa yake haifarwa. A 2010 yara suna ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ana ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, ana ba da magani ba ya ci. Likitocin ƙungiyar MSF ba su tsaya kan zato ba, sun ɗebi jini sun aika ɗakin gwaji, aka gano gubar dalma ce daga duwatsun zinarin da ake niƙawa cikin gidaje. Masu bincike suka bi gida-gida a ƙauyuka biyu, suka ƙirga: cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara ɗaya. Wannan binciken ne ya sa aka zo aka kankare ƙasar gidaje, aka ba sauran yaran maganin da ya dace. Da a tasha aka cike waɗancan takardu, da har yanzu sauro ake zargi.

Labarin Kawu bai ƙare ba. Da wata kakar ta zagayo sai ya aiki ƙanen yaron. Shi kam ya je, ya dawo da ƙura har gwiwa, kuma lissafinsa gaskiya ne. Sai dai bai gaya wa masu rumbunan dalilin leƙensa ba, ya bar su suna zaton tallafi za a kawo. A hanyar dawowa kuma ya zauna a kasuwa yana ba da labarin wane yana da buhu kaza, wane yana da shanu kaza. Da maganar ta iso kunnen Kawu, ya fi jin zafinta a kan asarar bara. Ya ce, "Mutum ya buɗe maka rumbunsa, ai cikinsa ya buɗe maka." Wancan lokacin ɓarawon dare kaɗai ake tsoro. Yau duk wanda ke zaune tsakanin Kwatarkwashi da Tsafe ya san abin da ke iya samun magidanci idan sunansa da yawan shanunsa suka faɗa hannun da bai dace ba. Ba a manta da Kano ba kuma, inda a 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200, iyaye suka ce ba a fahimtar da su cewa gwaji ne ba, shari'a ta ja har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009.

Na san hanya ba lafiya, kuma ba wanda zai ce ɗa ya jefa kansa daji saboda takarda. Amma mutanen waɗancan ƙauyuka da yawa suna nan cikin Gusau da garin Tsafe, sun yi gudun hijira, ana iya zama da su a nemi yardarsu, a sakaya sunayensu, a rubuta cewa a nan aka same su, kuma su talatin ne, ba ɗari uku ba. Shi ma Kawu ya amsa nasa laifin, domin ya karɓi littafi bai dubi ƙafar ɗan aike ba, bai tambaye shi wa ya ba shi ruwa a gari na farko ba. Ƙasar da ta haifi 'Yandoto, inda malamai suka yi suna tun kafin jihadi, ta san ana tambayar mai kawo magana daga wa ya ji.

Ga masu littafi da biro a hannu bana, daga Jami'ar Tarayya ta Gusau har kwalejin kiwon lafiya ta Tsafe, da malaman da za su sa hannu a ƙasan aikinsu: don Allah, garin da ba a je ba a bar shafinsa fari.