Eh, Ramuka Na Je Kallo

Tun da na dawo daga Niyu Zilan ban huta da bakinku ba. Wani ya tare ni a majalisa: "Malam, wai da gaske ka ƙetare teku don ka kalli ramin gafiya?" Wata Hajiya kuwa cewa ta yi kuɗin jirgin ya isa sayen fili har da zagaye shi. To ku matso in ƙara muku abin yi da ni.

Wurin sunansa Hobbiton, kusa da garin Matamata, tafiyar kamar awa biyu a mota daga Okland. Gonar tumaki ce, har gobe suna nan suna kiwonsu, ba ruwansu da masu ɗaukar hoto. A 1998 aka hango ta daga jirgin sama, lokacin da mai shirya fim Peter Jackson ke neman inda zai kafa ƙauyen gajerun mutanen nan masu gashi a ƙafa, waɗanda Tolkien ya ƙirƙiro a littafinsa na 1937. Sojojin ƙasar ne suka share hanyar shiga a 1999. Sojoji fa, Alhaji, saboda tatsuniya.

Na san abin da ke bakinku: "Ai duk ƙarya ce." Wa ya ce muku gaskiya ce? Ƙaryar na je gani, don an yi mata aiki. Ƙofofi 44 ne zagayayyu a jikin tudu, kore da ja da ruwan ɗorawa, yawancinsu ko an buɗe ba ɗaki a baya, domin a birnin Welintan aka ɗauki cikin gidajen. Kuma ba girmansu ɗaya ba. An yi ƙanana don in dogon boka Gandalf ya tsaya ya zama basamude, an yi manya don ɗan wasa ya koma ɗan tsurut. Ni da ake kira Gajere tun firamare, na tsaya jikin ƙaramar ƙofa sai ga kaina ya wuce ta. Na daɗe a wurin, sai da jagoranmu ya yi gyaran murya.

Bishiyar da ke saman gidan Bilbo, jarumin littafin, ita ta gama da ni. Ƙarfe ne da roba, ganyenta kuma ɗaya bayan ɗaya aka ɗaura da hannu. Na ƙura mata ido, na koma gefe na sake dubawa, ban kama ta ba. A ƙasanta kuwa kabewa da kabeji na gaske ne, masu lambu na kula da su kullum, ga 'yan riguna kamar na yaye a shanye kan igiya. Ginin ƙauyen na farko na wucin gadi ne, aka rushe yawancinsa bayan fim, sai daga 2009 aka sake shi da kayan da za su daɗe.

Kai kuma da kake min dariyar kuka a kan mutanen da ba a taɓa haifa ba, ba kai ne ka ƙi cin tuwo ranar da aka lallasa Arsenal ba? Ka taɓa taka Landan? Hajiya, wa muka tarar tana sharar hawaye da gefen mayafi don an raba jarumar Indiya da saurayinta?

A ƙarshen zagaye akan shiga mashayar Green Dragon, kowa a miƙa masa kofi guda. Ku dakata da a'uzubillahi, lemon citta na karɓa, kuma bai kai wanda Inna ke haɗawa yaji ba.

Shekaranjiya mai maganar ramin gafiyar ya ari wayata, wai zai kira wani. Da na leƙa sai na tarar yana ta buɗa hoton koriyar ƙofar da yatsu biyu. Ya ɗago ya ce, "Wai wannan mariƙin na tsakiya, tagulla ce ko fenti?"