Dusar da Akuya Ta Ƙi Ci

Shekara goma sha ɗaya ina koyar da kimiyya a firamare, amma ban taɓa shan kunya irin ta ranar da na ɗauki alkawarin saukar da dusar ƙanƙara a birnin Kano ba. A watan Afrilu kuma, lokacin da ko ƙadangare sai ya yi shawara kafin ya tsallaka titi.

Littafin aji uku ne ya jawo mini. A darasin zagayowar ruwa an rubuta cewa ruwa yakan sauko daga gajimare ta siffa uku: ruwan sama, ƙanƙara, ko dusar ƙanƙara. A gefen shafin kuma ga hoton wani farin mutum-mutumi da hula a ka, an soka masa karas a gurbin hanci. Ina gama karantawa wani yaro da na laƙaba wa Sarkin Tambaya ya ɗaga hannu.

"Malam, dusar ƙanƙarar nan, surfa ƙanƙara ake yi a fitar da ita?"

Na ce a'a, suna ne kawai.

"To wa yake surfen a sama?"

Na ce babu mai surfe.

"Akuya tana ci?"

Aji ya kwashe da dariya. Na buga tebur, aka yi tsit. Sai wata 'yar ƙarama da ke zama a layin gaba, wadda ba ta cika magana ba, ta jefo wadda ta fi duka nauyi: "Malam, kai ka taɓa ganinta?"

Da na ce ban taɓa ba, da an wuce wurin. Amma girman kai irin na malami ya hana. Na ce, "Sosai ma." Ban ƙarasa da cewa a fim ɗin Indiya na gani ba, inda jarumi da jaruma ke birgima a kan dutse ba ko rigar sanyi. Bakina kuma da ya ga hanya a buɗe sai ya zarce: "Ranar Laraba zan kawo muku ku gani da idonku."

Ashe Hedimasta yana tsaye a bakin taga. Ya leƙo yana murmushi ya ce, "Madalla, Malam! Ai ranar Laraba mai duba makarantu zai zo. Ajinka za mu fara kai shi."

Na ce, "To, ranka ya daɗe." Cikina kuwa ya ɗuri ruwa.

Daren nan na kwana a kan waya ina karatun abin da ya kamata in sani tun kafin in buɗe baki. Na ga labarin wani manomi a jihar Vermont ta Amurka, Wilson Bentley, wanda a 1885 ya ɗauki hoton ƙwayar dusar ƙanƙara ta madubin ƙara girma, ya ci gaba har ya tara hotuna fiye da 5,000. Kusan kowace da kusurwa shida, kamar aikin mai ɗinkin hula. Na ga cewa har a bakin Sahara ta taɓa zuba, a garin Ain Sefra na Aljeriya, a 1979 da 2016 da 2018. Abin da ya ƙarasa ruɗa ni shi ne labarin Ukichiro Nakaya, masanin Jafan da ya fara ƙera ƙwayar dusar a ɗakin gwaji a Jami'ar Hokkaido a 1936, a kan silin gashin zomo. Na ce a raina, in dai gashin zomo ya isa, ni da nake da greta a gida me zai gagare ni? Ban tsaya karanta wurin da aka ce ɗakin nasa ya fi firiza sanyi ba.

Da safe na tunkari uwargida da buƙatu uku: greta, tire, da tukunyar nan mai murfin gilashi. Biyun farko ta miƙo ba gardama. Da na ambaci ta ukun sai ta ajiye ludayi. Tukunyar tana cikin kayan ɗakinta, tun ranar jere take a kabet, ko da sallah ba a ɗora ta a wuta.

"Malam, me za ka dafa a makaranta?"

Na ce, "Ruwan sama."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Allah ya ba da lafiya. Amma yadda ka fita da ita, haka za ka dawo mini da ita."

Ranar Laraba ta zo, kwana uku ke nan ba mu ga wutar lantarki ba, firizarmu ta koma akwatin ajiye robobi. Dole na sammaka wurin masu sayar da ƙanƙara. Na sayi ƙato guda kamar bulon gini, mai ƙanƙarar ya barbaɗe shi da dusar katako, ya naɗe a buhu don kada ya yi saurin narkewa. Na rungumi buhu, na rataya tukunya, na tari adaidaita sahu.

Ana wata ga wata. Wata tirela ta lalace a tsakiyar hanya, muka tsaya cik. Rana tana dukan rufin, buhu yana tsiyaya. Wani Alhaji da ke gefena ya dubi ƙafar wandonsa na shadda, ya dube ni, ya ce, "Malam, yaro ka ɗauko a buhun nan?" Na yi ta ba shi haƙuri har ya sauka. Bulon da na saya, da na iso makaranta ya koma kamar curin burodi.

Na ari murhun gawayi wurin mai ƙosan bakin ƙofa, na ɗora tukunya a gaban aji. Ƙarfe goma Hedimasta ya shigo da baƙon, wani dattijo mai furfura da tabarau, ya zauna a baya ya buɗe littafinsa. Ina kwance buhu yara suka hango dusar katako manne da ƙanƙara, suka ɗauki ihu: "Ga dusar! Ga dusar ƙanƙara!" Da ƙyar na shawo kansu cewa wannan ta kafinta ce.

Farkon darasin dai ya tafi daidai, wannan ko maƙiyina zai shaida. Na ce rana tana dafa Tekun Atilantika kamar yadda gawayin nan ke dafa tukunya, ruwa ya zama tururi ya tashi. Da damina iskar kudu maso yamma ta kwaso damshin ta kawo mana. Baba mai gadi, wanda ya jingina da taga yana kallo, ya ce, "Malam, mu dai tun muna yara daga gabas muke ganin hadari." Na ce gaskiyarsa, daga gabas hadari ke tasowa, amma damshin da yake ci daga kudu ake kawo masa. Ya gyaɗa kai, bai gamsu ba. Na ci gaba: ruwan ya zuba, wani ya nutse ya cika rijiyoyinmu, wani ya taru a madatsar Tiga, wani ya bi Kogin Kano ya haɗu da na Challawa, su zama Kogin Haɗeja, su ratsa fadamun Haɗeja da Nguru, abin da ya tsira ya bi Komadugu Yobe har Tafkin Chadi. Duk tsawon tafiyar rana tana ɗiban rabonta tana mayarwa sama. Ruwa ɗaya ne yake ta zagayawa tun kafin kakanninmu.

Sarkin Tambaya ya ce, "Ke nan ruwan da muke sha, wani ya taɓa wanka da shi?"

Na ce haka ne, amma in ya tashi tururi a ƙasa yake barin dattin. Bai hana rabin ajin yin kakari ba.

Na gutsuri ƙanƙara na ɗora a kan murfin gilashi. Nan da nan ɗigo-ɗigo suka jeru a ƙarƙashinsa, suka yi nauyi, suka fara faɗawa cikin tukunya. Na ɗaga murya don baƙo ya ji: "Kun ga? Tururi ya gamu da sanyi ya koma ruwa. Wannan shi ne ruwan sama!"

'Yar ƙaramar nan ta leƙa ta ce, "Malam, ai wannan gumin murfi ne. Kullum Umma tana yin sa in tana dafa shinkafa."

Na ga alƙalamin baƙo yana motsi. Na ce to, bari in fito da babban makami. Na ɗauki greta, na ɗaga hannu sama da tire, na shiga gurza. Farin gari ya fara zuba. Na daƙiƙa biyu, wallahi, na ga abin da nake gani a fim. A ta uku ya zama ruwa. Da zafin da ya haura digiri 40, ƙarƙashin rufin kwano, dusata ba ta ko kai tsakiyar tire da ranta. Na ƙara ƙaimi, gumi yana zuba, greta tana cin yatsuna. Da ƙyar na tara abin da bai fi cikin cokali uku ba. Kafin in ce a zo layi-layi, yara sittin sun yi kaina. Wanda ya samu ya lasa, wanda bai samu ba ya lashi hannun wanda ya samu.

Cikin wannan hargitsi na ji "meee" a bayana. Sarkin Tambaya ne ya lallaɓa ya kwanto akuyar Baba mai gadi. Ya ce, "Malam, ka ce kimiyya gwaji ce." Ya miƙa mata ragowar da ke tafin hannunsa. Ta sunsuna, ta yi atishawa, ta kau da kai. Sai ta juya kan teburina ta kama takardar tsarin darasi, wadda na kwana biyu ina rubutawa don baƙo ya sa hannu. Wannan kam ba ta yi mata atishawa ba.

Ina kokawar ƙwato shafi na biyu na tuna da tukunya. Ruwan ya ƙone ƙurmus, murfi ya yi zafi zau. Maimakon in sauke, sai dabara ta ce in ɗora masa guntun ƙanƙarar da ya rage ya huce. Ni da bakina na sha koya wa 'yan aji shida cewa gilashi mai zafi ba ya jure sanyin farat ɗaya. Tas! Murfi ya tarwatse ya zama ƙananan duwatsu farare, suka cika tukunya. Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo. Aji ya yi tsit. Can wani daga baya ya ce, "Malam ya yi ƙanƙara!" Suka ɗauki tafi.

Hedimasta ya sunkuyar da kai. Baƙon kuwa ya cire tabarau yana share hawaye, dariya ta hana shi magana. Da ya natsa ya taso gaban aji ya ce shi a Rasha ya yi karatu, hunturu biyar ya taka dusar ƙanƙara har gwiwa.

"Malam, abin da ka gurza ɗin nan sai dai a zuba masa zoɓo," in ji shi. "Ita ta gaskiya ba daga ruwan da ya daskare ake samunta ba. Tururi ne can sama yake kama wata 'yar ƙura ya daskare kai tsaye, bai bi ta ruwa ba. Shi ya sa take da laushi kamar auduga. In kana neman 'yar'uwarta a Kano, duba farin abin nan da ke taruwa a bangon firiza."

Na ce, "Yallaɓai, ai ba wuta."

Ya ce, "To, wannan ya fi ƙarfin kimiyya."

Sai ya juya ga yara. Ya ce duk mita 1,000 da mutum ya hau sama, zafi yakan ragu da kamar digiri shida da rabi. Shi ya sa dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya, mai tsayin mita 5,895, yake da farar hula alhali yana tsakiyar ƙasashen zafi. A saman Kano ma, in ka hau kilomita biyar zuwa shida, ruwa daskarewa yake. Baƙin hadarin da ke taso mana da damina kuwa kansa yakan wuce kilomita goma. Don haka da yawa daga ruwan da ke dukanmu a watan Agusta, a can sama dusar ƙanƙara ne da ƙananan ƙanƙara. Suna gangarowa iska mai ɗumi ta narkar da su. Wadda ta yi ƙiba da yawa ta ƙi narkewa, ita ce ƙanƙarar da ke ƙwanƙwasa kwanon rufi, wadda mutanen Jos suka fi mu sani.

'Yar ƙaramar nan ta ɗaga hannu. Gabana ya faɗi.

"Baba, ke nan dusar ƙanƙara tana zuwa Kano, a hanya take narkewa?"

Ya ce, "Haka ne, 'yata."

Ta ce, "Kamar ta Malam a cikin adaidaita."

Dattijon ya buga tebur ya ce a rubuta wannan a allo, darasi ya ƙare. A rahotonsa ya rubuta cewa ɗalibai sun fahimci darasi ƙwarai, amma bai samu ganin tsarin darasin malami ba saboda wani dalili da ya shafi dabbobi.

Gida kam ba a rubuta mini rahoto mai daɗi ba. Na miƙa tukunya a leda tana ƙarar tsakuwa. Uwargida ta leƙa, ta ɗago, ba ta ce uffan ba, kuma duk mai aure ya san wannan ya fi faɗa ciwo.

Ruwan farko na shekarar ya sauka muna tsakiyar darasi. Ban ba da izini ba, amma aji ya watse waje, suna tara hannu suna ihun "Narkakkiyar dusa! Narkakkiyar dusa!" Sarkin Tambaya ya tsaya yana kallon akuyar Baba mai gadi tana shan ruwan da ya taru a gindin indararo, ya juyo ya ce, "Malam, ka ga ashe tana ci. Jira take ta huce."

Tukunyar kuma tunda ta rasa murfi ta sauko daga kabet ta shiga aiki. Da farantin silba ake rufe ta. Duk ranar da uwargida ta ɗaga farantin gumi ya tsiyaya cikin miya, sai ta kira ni har madafi, ta nuna mini da ludayi.

"Malam, ga ruwanka ya zagayo. Murfina fa, yaushe zai zagayo?"