Mu da Akwati, Mu da Fodkas

Mu dai mutanen kunne ne, kowa ya san haka. Tun 1957 da BBC ta fara magana da Hausa, Muryar Jamus ta biyo a 1963, Muryar Amurka a 1979, muke rungume da akwatin rediyo kamar ɗan goyo. Wa a cikinmu bai taɓa shanya batir a rana ba don ya ƙara kwana biyu? Wa bai ɗaure murfin rediyon Kchibo da roba ba, ya ƙara wa eriya guntun waya, yana juya akwati gabas da yamma a gajeren zango har Landan ta fito daga cikin shuuu? Takwas da rabi na dare teburin mai shayi sai ya yi tsit, ko cokali ba ya motsi. Ana gama labaran duniya musu ya ɓarke, kowa da abin da ya ji, alhali akwati ɗaya muka zagaye.

Sai ga fodkas ya shigo cikin wayoyinmu, kuma wallahi yana da daɗi. Rediyo ba ya jiran kowa, in ka je alwala labari ya wuce ka. Shi kuwa wannan haƙuri gare shi: ka tsayar, ka amsa sallama, ka mayar da shi baya ka sake jin inda bai shige ka ba. Uwargida tana tuƙa tuwo tana sauraron Lafiya Zinariya na BBC, abin kunne a maƙale ƙarƙashin ɗankwali, tana jin bayanin da kunya ba za ta bari a ƙure muryarsa gaban suruka ba. Wannan kaɗai ya isa a so shi. Mai Keke Napep kuma yana jin Najeriya a Yau na Aminiya tsakanin fasinja da fasinja.

Amma hali zanen dutse. Mukan raba dare muna sauke shiri ashirin saboda data ta fi araha a lokacin, mu saurari biyu, sauran su zauna har waya ta ce ta cika. Mun ce muna son fodkas don na mutum ɗaya ne, sai ga shi mun jona shi da sifika a majalisa, mun tura wa dangi ta WhatsApp, mun zauna muna musu a kai kamar da. Har yanzu cewa muke yi, ƙaro muryar rediyon nan.

Ran da ake duban watan azumi kuwa, babu mai neman fodkas. Tun magariba Baba ya ɗauko akwati ya kaɗe ƙura, an aiki yaro sayen batir, mata na leƙowa daga tsakar gida suna tambaya ko Sarkin Musulmi ya yi magana.