Katin Sallah na Hannu: Alhaji, Gyara Zama

Na san abin da za ku ce tun kafin ku buɗe baki. Mutumin Ƙonni zai ce, "Kati? Na waya ko na zaɓe?" Na Malbaza zai kaɗe ƙurar siminti daga hularsa ya ce aikin marasa aikin yi ne. Ba'adaren Illela kuwa tambayarsa ɗaya ce tal: nawa ake samu a ciki? To katin gaisuwa nake nufi, wanda mutum zai zauna ya yanka zane, ya shafa launi, ya rubuta barka da sallah da hannunsa, ya aika wa wanda yake so.

"Ai abin Nasara ne." Na ji, Alhaji, ban ma yi musu ba. A Landan ne cikin 1843 Henry Cole ya sa mai zane John Callcott Horsley ya tsara masa katin Kirsimeti, aka buga dubu ɗaya, aka shafa musu launi da hannu, aka sayar sule ɗaya-ɗaya. Amma shayin da kake kurɓa yanzu kana harara ta daga Sin ya zo, ban ji ka yi masa gorin asali ba. Kuma kai da ke tura hoton fure mai ƙyalƙyali kowace Juma'a a WhatsApp, wanda wani ya turo maka, shi ma wani ya turo masa, ai kati kake rabawa. Na aro ne kawai.

Takardar ce baƙuwa. Sauran aikin duk yana cikin gidanka. Leƙa ɗakin Hajiya daren jajibirin sallah, ka ga mai ƙunshi tana yayyanka salatif da reza, tana liƙa mata a ƙafa, ta lafta lalle a kai. Idan an ɓare, inda salatif ya rufe ya fito fes, inda ya bari ya yi ja. Wannan shi ne sitansil, ba ragi ba ƙari: a rufe wani wuri, a bar wani, launi ya bi ƙofar da aka buɗe masa. Kujerar hayar da ka zauna a kai wurin ɗaurin aure, sunan mai ita da ke bayanta haka mai fenti ya fitar da shi, da hudajjen kwali. Yarbawan Abekuta sun daɗe suna huda fallen ƙarfe, su shafa kokon rogo ta cikin hudar a kan ƙyalle kafin ya shiga baba. Shafa launi don murna kuwa, duk wanda ya taɓa ganin allon zayyana ranar saukar Alƙur'ani, da jansa da rawayarsa da korensa, ba zai ce mun jira Bature ya koya mana ba.

Hajiya na ga kin fara murmushi. Ga yadda ake yi, tunda shi girman kai ba zai bar shi ya tambaya ba.

A sami takarda mai kauri a ninka biyu. Sitansil kuma ba abin da ya kai tsohon hoton ƙirji, irin wanda aka ɗauki Alhaji a asibitin Galmi shekarun baya, yana nan ƙarƙashin katifa ba ya tsinana wa kowa komai. Ba ya jiƙa, ana wanke shi, a buga kati da yawa da shi. A zana jinjirin wata, ko dagi, ko rago in ta layya ce, a bi da sabuwar reza a hankali. Wurin haruffa ne ake gane gwani. Harafin da ke da ciki, kamar "a" da "o" a boko, ko mim da wawu a ajami, in ka yanke shi gaba ɗaya cikin zai faɗo, ka tashi da rami. Sai an bar 'yan siraran gadoji da za su riƙe tsakiyar. Shi ya sa rubutun da ke jikin kujerun nan yake a tsattsinke. Da gangan aka yi, mai fentin bai kasa ba.

Sai gauraya launi, inda masu gaggawa ke faɗuwa. A yago soso daga tsohuwar katifa, kowane launi da nasa. A dangwala kaɗan, a fara bugawa a wata takarda har soson ya kusa bushewa, don jiƙaƙƙen soso yakan zura tawada ƙarƙashin sitansil, ragon ya koma wata dabba da ba a layya da ita. A fara daga kan sitansil ɗin a shigo takarda ana murzawa zagaye-zagaye, hannu ba nauyi. Launi mai haske shi ne farko, mai duhu ya biyo, a inda suka haɗu a yi ta maimaitawa har a rasa iyakarsu. Rawaya a ƙasa, ja a tsakiya, shuɗi a sama, ga almuru ya fito.

"Tawadar fa, daga Faransa za a yi oda?" Haba Malam, kai ne da wannan tambaya, kai da ke dafa tawada da ƙaro? Bagaruwa da kashin maƙera suna ba da baƙin da ke kama takarda. Gangamau yana ba da rawaya. Karan dafi, wanda dukawa ke rina jar fata da shi, yana ba da ja. Zoɓo ma ja ne, in ka ɗiga masa lemun tsami ya ƙara haske, in kanwa ta taɓa shi ya juye ya yi duhu. Ɓawon albasar Galmi da iska ke yawo da shi a gefen hanya, dafa shi ka ga launin ƙasa-ƙasa mai kyau. A sa ɗan ƙaro a kowanne don ya zauna. Gaskiya ɗaya, zoɓo da gangamau ba su jure rana, sukan koɗe. Mai son katinsa ya daɗe sai ya sayi tawadar hatimi a shagon littattafai.

Maganarka ta biyu kam na karɓa, Malam: kada a rubuta aya a takardar da gobe yaro zai iya jefarwa a ƙasa. Gaisuwa da fatan alheri sun isa. Masu cewa Inna ba ta karatu kuwa, to, jikanta yana lakwal, shi zai karanta mata. Launin kuma ba ya neman tafinta.

Na dawo gare ka, Ba'adare, ban manta ba. Ba zan ce maka kati zai kai ka Makka ba. Amma 'yan uwanka nawa ne ke ci-rani a Abijan? Saƙon murya ana saurara a goge don waya ta cika. Katin da ɗiyar mutum ta shafa da yatsunta, akwati yake shiga. Sannan akwai suna, akwai biki, akwai sauka, kuma yarinyar da ta iya yankan salatif ta riga ta yi rabin koyo. Lissafin dala da jikka na bar maka, ka fi ni iyawa.

Alhaji kuwa, kai ne ma ya fi kamata ka rungumi sitansil, mai mata huɗu. Zane ɗaya za ka yanka, ka buga sau huɗu, ba wadda za ta ce ragon wance ya fi nata ƙaho. Sai dai launin da aka gauraya da hannu ba ya fitowa iri ɗaya sau biyu, dole jan wata ya ɗara na wata. In na amarya ne ya ɗara, kada ka ce ni na aike ka.