Yadda Rairayin Kusada Ya Ci Keken Ingila

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, keke ya dawo da martabarsa a ƙasar Katsina. Malaman makarantar da suka jingine nasu tun suna samari duk sun kakkaɓe masa ƙura. Mu kam dalilinmu bai kai wannan hankali ba. Wani abokinmu ne ya dawo daga karatu a Ingila da labarin yadda Turawa ke taruwa ranar hutu su hau tsaunuka da keke, wai don nishaɗi, alhali ga motocinsu a gida. Ya ce mu ma sai mun yi. Na ce masa tsakanin Kankiya da Kusada ban san tsaunin da zai hau ba. Ya ce ai niyya ce.

Da sanyin safiya muka tashi daga Kankiya, lokacin kaka, gero duk an girbe. Shi yana kan keke mai giya ashirin da ɗaya, da hular kwano, da wani matsattsen wando wanda ko a gidan surukai aka ba ni labarinsa sai na ji kunya. Mu sauran 'yan gwanjo ne. Nawa birkin baya kawai ke gare shi, shi ma sai an yi masa magiya.

A kan titin Katsina zuwa Kano lafiya lau, sai dai direbobin tirela da ke mana kallon marasa aikin yi. Kafin mu kai Gidan Mutum Ɗaya jagoran namu ya ce kwalta ta ragwaye ce, mu yanki burtali mu ɓulla madatsar ruwan Kusada.

Duk wanda ya tashi a karkara ya san abin da burtali ke ɓoyewa bayan ɗaukewar ruwa: rairayi mai laushi da shanu suka tattake, da ƙaya iri-iri. Tayar gaba ta nutse, ta baya ta yi ta juyawa a wuri ɗaya. Ɗan Ingila ya sauya giya, ya sake sauyawa, har sarƙa ta gaji ta sauka. Ni kuwa na karkace a hankali, cikin natsuwa, na kwanta a kan ƙarangiya. Sai da mutum biyu suka zauna tsince ni, kamar ana figar kaza.

Muna cikin haka sai ga wani dattijo a kan tsohon Phoenix, buhun gero a kariya, ɗan jikansa a kan ƙarfen gaba. Bai ko sauka ba. Bakin gona yake bi, inda ƙasa ta yi tauri, tsakiyar da muke dambe da ita ko kallo ba ta ishe shi ba. Ya rage gudu.

"Sannunku samari. Awon titi kuka zo?"

"A'a Baba, motsa jiki muke yi."

Ya dube mu, ya dubi wandon, ya ce, "To, Allah Ya ba da lafiya." Har yanzu ban san wace lafiyar yake nufi ba.

Ƙayar aduwa ce ta ƙarasa mu. Tayoyi huɗu suka sace kusan a tare, har da na keken Ingila. Muka tura zuwa wani ƙauye, yara na biye da mu suna tambaya ko rabon taki ne. Mai faci ya duƙa da kwanon ruwansa, yana tsoma tib yana ƙirga kumfa, ya lilliƙe namu tsaf. Da ya zo kan na ogan sai ya tsaya: hancin tib ɗin siriri ne irin na Turawa, famfonsa ba ya kama shi. Famfon ogan kuma yana Kankiya a cikin but ɗin mota, don wai nauyi zai ƙara masa.

Madatsar ruwa dai ba mu gan ta ba. Fura da nono muka sha a gindin darbejiya, sannan muka tare a-kori-kura mai ɗauke da awaki. Direban ya yi mana kuɗin mutum daban, na keke daban. Da ya ɗaga keken ogan ya ji ba nauyi, sai ya ninka.

"Haba direba, ai shi ya fi kowanne rashin nauyi!"

"Shi ya sa, Alhaji. Irin wannan in akuya ta taka, motar nan kaf ba ta biyan sa."